Juma'a Guda a Ƙafa a Birnin Ciyang Mai

Na fito daga masaukina bayan sallar Asuba, gari bai gama wayewa ba, da niyyar cewa a wannan yini ba zan hau komai ba, ko jar motar hayar nan mai buɗaɗɗen baya da ke yawo a garin, ko keken da suke kira tuk-tuk, wanda ɗan'uwan adaidaita sahu ne. Watan Disamba ne, lokacin sanyinsu, kuma iskar safiyar ta yi kama da ta farkon hunturu a wajenmu, sai dai babu ƙura a cikinta, akwai ma ɗan danshi da ke saukowa daga duwatsu. Ciyang Mai tana arewacin ƙasar Tailan, kimanin kilomita 700 daga Bankok, a cikin wani kwari mai faɗi a gefen kogin Ping. Ranar kuwa Juma'a ce, kuma da gangan na zaɓe ta.

Abin da ya sa na ɗauri aniyar yin tafiyar a ƙasa shi ne taswirar garin. Tun ranar da na fara kallonta na ga tsohon birnin murabba'i ne, kowane gefe ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, an kewaye shi da gwalalo mai cike da ruwa, ga ƙofofi biyar da kusurwowi huɗu. Wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ya saba da jin ana cewa wane ɗan cikin gari ne, wane kuma a waje yake zaune, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan tsari. Ya san cewa fada da manyan wuraren ibada suna ciki, kasuwanni suna bakin ƙofofi, baƙi da fatake kuma suna sauka a bayan ganuwa. Na so in gwada da sawuna ko wannan ƙa'ida da na sani a gida tana aiki a wani birni da Sarki Mangrai ya kafa a shekarar 1296 ya mai da shi cibiyar daular Lanna.

Na fara da ƙofar kudu, wadda ake kira Ƙofar Ciyang Mai, inda kasuwar safe take ci tun da duhu. Mata suna zaune a bayan manyan kwanduna na shinkafa mai danƙo, wadda ita ce tuwon mutanen arewacin ƙasar, suna ɗiba suna ƙullawa a leda tana tururi. A bakin titi na tarar da abin da ya tsayar da ni na kusan rabin sa'a. Limaman addinin Buddha, manya da yara, sanye da mayafi ruwan goro, kawunansu a aske, ƙafafunsu babu takalmi, suna tafiya a jere kowa rungume da ƙwaryarsa ta ƙarfe. Ba sa roƙo kuma ba sa ɗaga murya. Mai bayarwa ne yake cire takalmansa, ya zuba abinci a ƙwaryar, sannan ya durƙusa a gefen titi su karanta masa addu'arsu da murya ƙasa-ƙasa. Na ga wata dattijuwa da ƙyar take iya lanƙwasa gwiwa, amma ta durƙusa a gaban wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba. Addininsu ba nawa ba ne, kuma ban tsaya a wurin don in yi tarayya da su ba, amma na daɗe ina tunani a kan yadda al'umma ta shirya ciyar da ɗalibanta na addini ta hanyar da ba ta zubar da mutuncin yaro, har ma mai bayarwa ne yake ganin an yi masa alfarma.

A wannan kasuwa na koyi darasin farko na cin abinci a garin. Naman alade ya shiga kusan komai a girkin arewacin Tailan, daga tsiren da ake gasawa a bakin hanya har zuwa man da ake suya da shi, saboda haka Musulmi ba zai miƙa hannu kan duk abin da ya yi masa kyau a ido ba. Na riga na haddace jimla guda, "mai kin mu", wato ba na cin alade, kuma ta yi mini amfani ƙwarai. Na karya da ayaba da dafaffiyar masara da ruwan waken suya mai ɗumi, na kama hanya zuwa arewa.

Cikin tsohon birnin shiru ne da safe. Manyan tituna kaɗan ne, sauran duk lunguna ne masu lanƙwasa, gidajen katako a cikin bishiyoyi, kowane gida da ɗan ƙaramin ɗaki a kan ginshiƙi a bakin ƙofa, inda suke ajiye fure da turare da lemon kwalba saboda imanin da suka yi cewa akwai iskokin da ke zaune a filin. Wuraren bauta kuwa sun fi talatin a cikin wannan murabba'i kaɗai, kuma ba zan ce na shiga ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanda na zauna a cikinsa sosai shi ne Wat Chedi Luang, a tsakiyar gari.

Hasumiyar da ke wurin ta jan tubali ce, kuma ko a rushe tana da kwarjini. An fara gina ta a ƙarshen ƙarni na 14, aka kammala a zamanin Sarki Tilokarat, wanda ya yi mulki daga 1441 zuwa 1487, wato ya yi zamani da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Tsayinta ya kai kimanin mita 80 a lokacin, babu ginin da ya kai ta a duk ƙasar Lanna. A 1468 aka ajiye a jikinta ɗan mutum-mutumin nan na koren dutse da ya fi kowane daraja a wurin mutanen Tailan, wanda yanzu yake harabar fadar sarki a Bankok. A 1545 girgizar ƙasa ta kayar da samanta. Da aka zo gyara a farkon shekarun 1990 an sake gina matakala da siffofin giwaye da ke kewaye da gindinta, amma aka bar saman a gutsure, domin babu wanda ya tabbatar da ainihin siffarsa ta asali. Na ga hikima a wannan shawara. Da sun ƙirƙiro mata sabon kai da ta yi kyau a hoto, amma da ta daina ba da labarin abin da ya same ta. Na zagaya ta sau biyu a hankali, ina kallon inda tsohon tubali mai baƙi-baƙi ya haɗu da sabo, da ciyayin da suka tsiro a tsagar da ke can sama inda hannu ba ya kaiwa.

Kusa da ƙofar shiga akwai wata doguwar bishiya miƙaƙƙiya, an ɗaura mata ƙyallaye masu launi a gindi, tana inuwa ga ɗakin da aka ajiye ginshiƙin gari. Mutanen garin suna da camfin cewa muddin bishiyar tana tsaye birnin ba zai faɗi ba. Wannan camfi yana da tushe a tarihinsu, domin birnin ya taɓa faɗuwa. Mutanen ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, sun ci shi a 1558 suka riƙe shi fiye da shekara 200, kuma yaƙe-yaƙen da aka yi wajen korarsu sun sa garin ya zama kufai na kusan shekara ashirin, har sai da Sarki Kawila ya dawo da jama'a a 1796, ya tattaro mutane daga garuruwan da ke kewaye ya sake cika shi. Yawancin ganuwar tubalin da ake gani a yau daga zamaninsa ta samo asali.

Na wuce ta dandalin da aka kafa mutum-mutumin sarakuna uku, Mangrai da abokansa biyu, Ramkhamhaeng na Sukhothai da Ngam Muang na Phayao, waɗanda aka ce tare suka shata garin. Na leƙa Wat Chiang Man, wanda shi ne wurin bauta mafi tsufa a birnin, ban daɗe ba na juya gabas, domin rana ta fara ɗagawa kuma inda zuciyata take yana wajen ganuwa.

Ƙofar gabas ita ce Tha Phae, kuma sunan yana nufin mashigar da ake ɗaure kwale-kwalen gora, saboda ita ce ta fuskanci kogi. An sake gina ta a shekarun 1980 bisa wani tsohon hoto, kuma yanzu ta zama wurin ɗaukar hoto, tantabaru sun cika filin gabanta, baƙi daga ƙasashe daban-daban suna layi a jikin bango. Gaskiya ban ji daɗin wurin sosai ba, domin tubalin ya yi sabo da yawa. Kusurwowin ganuwar, inda tsohon ginin ya karkace ya nitse cikin ƙasa, sun fi ta magana. Amma dole in yaba musu a kan abu ɗaya: ko da yake yawancin bangon ya tafi, sun tsare gwalalon, sun dasa bishiyoyi a gefensa, ba su bari an cike shi an yi shaguna a kai ba, saboda haka har gobe yaro zai iya nuna iyakar birnin kakanninsa da yatsa. Na tuna wuraren da badalar Kano ta zama tudun shara ko aka yanka ta aka yi fuloti, kuma abin ya sosa mini rai fiye da yadda na zata.

Tsallake titin da ke bin gwalalon aiki ne. A Tailan ta hagu ake tuƙi, abin da muka bari tun 1972, saboda haka ido yakan fara duba ɓangaren da ba shi ne ba, ga babura da ba sa yankewa. Na tsaya har sai da wata mata mai ɗauke da kwando ta zo, na bi bayanta muka haye tare. Daga nan hanyar ta miƙe zuwa kogi, tafiyar kilomita ɗaya da ɗan wani abu. A tsakiya na ci karo da wani titi mai suna Kamphaeng Din, wato ganuwar ƙasa, kuma a bayan wasu gidaje na ga ragowar wani bango na jar ƙasa da saiwoyin bishiya suka riƙe. Ashe birnin yana da ganuwa ta biyu a waje, wadda ta kewaye unguwannin masu sana'a da baƙi. Wanda yake cikin mota ba zai ma lura da ita ba. Na sa hannu na taɓa ta, ƙasar ta ɗan marmashe a yatsuna kamar yadda tamu take yi.

Wajen ƙarfe goma na shiga lungu na farko a titin Charoen Prathet, kuma kafin in ga masallacin na fara ganin alamunsa: mata da hijabi a kan babura, dattawa da farar hula, rubutun halal da Larabci a jikin shaguna, ga kuma rubutun Sinanci a gefensa. Wannan ita ce unguwar Ban Ho, mazaunin Musulmin da asalinsu daga lardin Yunnan na ƙasar Sin yake, waɗanda mutanen Tailan ke kira Cin Ho. Kakanninsu fatake ne. Sukan taso da ayarin alfadarai daga Yunnan, su ratsa duwatsu na makonni, ɗauke da ganyen shayi da alharini da tukwanen tagulla, su sauka a Ciyang Mai, wasu su zarce har tashar jiragen ruwa ta Moulmein a ƙasar Bama, su koma gida da auduga. Bayan da daular Sin ta murƙushe tawayen Musulmin Yunnan, wanda aka yi daga 1856 zuwa 1873, da yawa daga cikinsu ba su sake komawa ba, wasu kuma suka biyo baya bayan 1949. Inda ayari yake sauke kaya, nan suka gina gidaje da masallaci.

Ban san sunan da ya dace da wannan wuri ba in ba zango ba. Haka kakanninmu suka yi da jakunansu a kan hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro, har masaukinsu na bayan gari a Salaga da Kumasi ya zama unguwa mai limami da sarki da makaranta. Haka ma Fagge ta samu a bayan ganuwar Kano. Baƙo ɗan kasuwa yana sauka a wajen ƙofa, kusa da kasuwa da ruwa, ya auri 'yar gari, 'ya'yansa su tashi da harshen uwarsu da addinin ubansu. Na tsaya a bakin lungun ina kallon fuskokin mutanen, na ji kamar na san labarin kowane gida ko da ban san sunan kowa ba.

Ranar Juma'a da safe kasuwa take ci a wani fili da ke fuskantar masallacin, a gindin wani tsohon gidan katako, kuma saboda ita na zaɓi ranar. Manoma suna saukowa daga ƙauyukan kan duwatsu da kayan da ba a cika gani a sauran kasuwannin garin ba: baƙaƙen kaji, busasshen naman shanu da aka shanya da gishiri irin na Yunnan, ganyaye da aka tsima a tulu, wainar masara da ake soyawa a kan ganye, da 'ya'yan itatuwan ƙasar sanyi. A nan ma sai da lura, domin ba duk masu sayarwa ne Musulmi ba, amma tambaya ɗaya ta isa. Na sayi sambusa da wainar masara a wurin wata mata mai hijabi, na yi mata sallama, ta amsa da cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu, ta ƙara mini guda biyu a kan abin da na biya.

Masallacin gini ne mai hawa, fari da kore, an rubuta sunansa da Larabci da Sinanci da harshen Tai. Na yi alwala a jere da wani dattijo mai ɗan siririn gemu, wanda ya tambaye ni da guntun Turanci daga ina nake. Da na ce Nijeriya, sai ya riƙe hannuna da hannayensa biyu ya ambaci Makka, ya nuna ƙirjinsa, na fahimci cewa ya yi aikin Hajji kuma a can ya ga mutanenmu. Na ce masa Alhaji, ya yi murmushi, ya ja ni har sahu na biyu ya zaunar da ni kusa da shi. Huɗubar da harshen Tai aka yi ta, ban fahimci komai ba sai ayoyi da salati, amma da aka tayar da salla babu abin da ya rage mini baƙo. Musulmin Yunnan mabiya mazhabar Hanafiyya ne, na kudancin Tailan Shafi'iyya, ni kuma na tashi a kan Malikiyya, ga 'yan Pakistan da Larabawa da Malesiya a sahun, kuma liman ɗaya muka bi. Musulmi ba su wuce kimanin kashi biyar cikin ɗari na mutanen ƙasar ba, a arewa ma sun fi ƙaranci, amma masallacin ya cika har farfajiya.

Bayan an idar na shiga ɗaya daga cikin shagunan abinci na lungun na nemi khao soi, abincin da Ciyang Mai ta yi suna da shi, wanda ake danganta zuwansa garin da waɗannan fatake. Taliyar ƙwai ce mai faɗi a cikin romo mai kauri na madarar kwakwa da kayan yaji, da naman shanu da ya dahu har yana rabuwa da cokali, an barbaɗa soyayyiyar taliya mai ƙaras-ƙaras a sama. A ɗan faranti daban aka kawo yankakkiyar albasa da lemon tsami da tsimammen ganye da soyayyen barkono a mai. Na lura da yadda na kusa da ni ya yi, ya matse lemon, ya zuba albasar da ganyen, ya ɗiga barkonon kaɗan, ya juya, na yi yadda ya yi. Tsamin yana yanka maiƙon kwakwar, taliyar sama tana jiƙewa a hankali, saboda haka loma ta farko da ta ƙarshe ba ɗanɗanonsu ɗaya ba. Kwanon bai kai bat 100 na kuɗin ƙasar ba. A rasidin da aka ba ni na ga shekarar da aka rubuta ta zarce tamu ta Miladiyya da 543, domin da kalandar addinin Buddha suke lissafi.

Da rana ta ɗan karkata na bi gefen kogi zuwa arewa har kasuwar Warorot, wadda 'yan gari ke kira Kad Luang, wato babbar kasuwa. Ta haura shekara ɗari, ta ƙone a 1968 aka sake gina ta mai hawa uku. Ƙasa kayan abinci ne, sama tufafi, lungunan baya kuma na 'yan yadi ne, Sinawa da Indiyawa da matan ƙabilar Hmong masu sayar da ɗinkin hannu. A nan na sayi riga irin ta manoman arewa, wadda aka rina da baba har ta yi shuɗi mai duhu, kuma da na kai ta hanci na ji warin da duk wanda ya taɓa wucewa ta marinar Ƙofar Mata zai gane. Kasuwar furanni tana manne da ita a bakin ruwa, mata suna zaune suna shirya farin fure a zare.

Na haye gadar ƙafa zuwa gabashin kogin, unguwar Wat Ket, inda jiragen ruwan da ke tasowa daga Bankok suke sauke kaya kafin jirgin ƙasa ya iso garin a farkon shekarun 1920. A nan kamfanonin Ingila masu saran katakon tik suka zauna a ƙarni na 19, lokacin da giwaye ke jan gungume zuwa ruwa, kuma har yanzu akwai tsofaffin gidajensu da shagunan Sinawa na katako, da coci, da wani masallacin na mutanen Yunnan, inda na yi La'asar. Ƙafafuna sun fara nauyi, saboda haka na sami benci a bakin kogi na zauna ina kallon ruwan, ja-ja kamar na rafi da damina, yana tafiya kudu a hankali.

Na koma ta gadar Nawarat rana tana faɗuwa a bayan dutsen Doi Suthep, wanda ya tsaya a yammacin garin da tsayin mita 1,676. Na yi Magariba a Ban Ho, inda na sake ganin Alhajin nan muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. A bakin lungun wata mata ta kafa teburin roti, tana murza ƙullun a kan faranti har ya yi siriri kamar takarda, ta jefa a kasko, ta fasa ƙwai ta yanka ayaba a ciki, ta naɗe, ta yayyanka, ta tsiyaya madarar gwangwani a kai. Na karɓa a takarda da ɗan tsinke, na kama hanyar Tha Phae ina ci ina tafiya. Da na isa gwalalon an kunna fitilu a jikin ganuwar, can sama kuma a cikin duhun dutsen hasken wurin bautar da ke kansa ya fito shi kaɗai. Na bi gefen ruwan zuwa kudu, na zagaya kusurwa, na shiga birnin ta ƙofar da na fara da ita da asuba, inda masu shinkafar safe suka tashi, masu abincin dare suka kafa tebura a wurinsu.